Baƙi Daga Sama, Baƙi Daga Yamma: Kallon Finafinan "Yaƙin Duniyoyi" Daga Birnin Ƙonni

Da an sallame sallar isha'i a Birnin Ƙonni, sai fadoji su cika. 'Yan kabu-kabu sun jingine babura, butar shayi na bisa garwashi, manyan motocin albasar Galmi da na simintin Malbaza na ta wucewa a babbar hanya, wasu su miƙe Dosso da Yamai, wasu su karkata kudu zuwa bakin iyakar Illela ta Nijeriya. A tsakiyar kowace fada za ka tarar da salula guda, kawuna huɗu ko biyar sun duƙa a kanta. Abin kallon yakan zama fim ɗin Kano, ko na Indiya mai fassara, ko kuma na Amurka irin wanda wasu halittu ke saukowa daga sama su ragargaza birane.

Wannan iri na ƙarshe, duk yawansa, tsatsonsa ɗaya ne. Wani marubuci ɗan Ingila, H. G. Wells, shi ya dasa shi da littafinsa The War of the Worlds, wato Yaƙin Duniyoyi, wanda aka fara bugawa kashi-kashi a mujallar Pearson's a 1897, ya fito a dunƙule a 1898. Tun daga nan ba a daina juya shi ba, a rediyo, a silima, a talabijin. Na zauna na kalli manyan finafinan da aka ciro daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, littafin na gefena, kuma abin da ya hana ni sakat shi ne shekarar. Shekara guda bayan fitowar littafin, a watan Mayun 1899, baƙin da ba wanda ya gayyata suka tsaya a bakin ganuwar Ƙonni da makaman da ganuwa ba ta iya tarewa. Don haka mutumin Alela ko Dogarawa ko Badagishiri yana riƙe da wani ma'auni da mai kallo a Landan ba shi da shi. Da wannan ma'aunin zan auna finafinan.

Abin da Wells ya rubuta

Labarin ya faru ne a Woking, wani ƙaramin gari kudu maso yammacin Landan, inda Wells kansa ya zauna a 1895 yana yawo da keke yana zaɓen gidajen da zai rushe a takarda. Wani abu kamar ƙatuwar ganga ya faɗo daga sama a filin kiwon gari. Mutane suka taru kallo, har da masu talla. Da murfin ya buɗe sai ga halittun duniyar Mars. Wasu dattawa, cikinsu har da masanin taurari Ogilvy, suka ɗaga farar tuta suka nufe su don a yi magana. Wani zafi marar hayaƙi ya tashi daga ramin ya mayar da su gawayi.

Daga nan baƙin suka hau injunansu, dogaye sun fi bene, kowane a kan ƙafa uku kamar an ɗaga duwatsun murhu sama an ce su yi tafiya. Suna ƙona gari da wannan zafi, suna feshin baƙin hayaƙi mai guba, wata jar ciyawa da suka zo da ita tana cinye bakin kogi. Abincinsu jinin mutum. Sojan Ingila, daular da a lokacin ba ta da ta biyu a doron ƙasa, ya watse cikin 'yan kwanaki, mutanen Landan suka zama 'yan gudun hijira suna tattake juna a hanya. Jirgin yaƙi guda, Thunder Child, ya afka wa injunan a bakin teku don jiragen masu gudu su tsira, ya tafi da biyu, shi ma ya nutse. A ƙarshe ba wani jarumi da ya ceci kowa. Ƙwayoyin cutar da jikin ɗan Adam ya saba da su tun fil azal su suka kashe baƙin, aka wayi gari hankaki na cin gawarsu.

Jigon littafin kuwa yana babin farko. A can Wells ya ja kunnen mai karatu da kada ya yi gaggawar tsine wa mutanen Mars, ya tuna abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, kudu da Ostareliya, waɗanda aka kusa shafewa cikin shekara hamsin. Turawan Ingila sun sauka a tsibirin a 1803. Kisa da kora da cuta suka cinye yawancin masu ƙasar, ko da yake jikokinsu na nan har yau. Wells ɗan zamaninsa ne, kalmomin da ya kira mutanen Tasmaniya da su a wannan babi akwai raini a ciki. Duk da haka ya yi abin da kaɗan daga marubutan ƙasarsa suka yi: ya kwantar da Ingila a wurin da ta saba kwantar da wasu, ya ce ta ji yadda ake ji. Jiki magayi.

Shekarar da aka zana da'ira

Littafin ya buɗe da hoton mutane suna harkokinsu hankali kwance, alhali daga nesa wasu na leƙensu suna tsara yadda za su ci ƙasarsu. A ranar 14 ga Yunin 1898, a Paris, wakilan Ingila da Faransa suka sa hannu a yarjejeniyar raba wannan yanki. Suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Ƙonni ta faɗa ciki. A wannan watan manoman Magiya na jiran ruwan shuka, ba wanda ya tambaye su. Sai a gyaran iyaka na 1904 da 1906 garin ya koma ɓangaren Faransa. A Satumbar 1898 kuma, a Omdurman ta Sudan, bindigogi masu aman wuta suka kashe kimanin mutum dubu goma na rundunar Mahadi cikin safiya ɗaya, ɓangaren Ingila da Masar bai rasa ko hamsin ba. Zafin da Wells ya ba mutanen Mars, a Afirka an riga an san kamarsa.

A Janairun 1899 wata runduna ta bar bakin kogin Kwara ta nufi gabas, burinta tafkin Chadi. Kyaftin Paul Voulet ke jagora, mataimakinsa Julien Chanoine, ɗan wani janar da ya riƙe ma'aikatar yaƙin Faransa a 1898. Turawan cikinta ba su wuce goma ba. Saura duk baƙar fata ne: sojoji, mahaya, ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da aka kwaso a hanya. Taron ya fi ƙarfin rijiyoyin ƙasar da rumbunanta, don haka duk garin da suka sauka sai a kwashe hatsi da dabbobi, wanda ya yi gardama a ƙone shi. A tsakiyar Afrilu suka gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu, cikin Arewa. A farkon Mayu suka iso Ƙonni, birni mai ganuwa, mai tsohon tarihi, inda kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna. Aka harba igwa, aka shiga, aka yi kisan da masana tarihi ke sanyawa cikin mafi muni a duk tarihin mulkin mallakar Faransa.

Wasiƙar wani hafsa da aka kora daga rundunar, Péteau, ita ta tona asiri a Paris. Aka turo Kanar Klobb ya bi sawu. Bai sha wahalar neman hanya ba, ƙonannun garuruwa da gawawwaki a rijiyoyi da bisa itatuwa suka nuna masa. Ranar 14 ga Yuli, a yankin Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojin baƙar fata suka juya bindiga suka kashe Chanoine da Voulet. Kaburburansu na Maijirgi. Sauran rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

Wannan shi ne mudun. Sai mu zuba finafinan mu gani.

1953: tsoron bam da mafaka a coci

Kafin silima, rediyo ce ta fara. Ranar 30 ga Oktoban 1938 Orson Welles ya gabatar da labarin a tashar CBS kamar labaran gaggawa, ya ɗauke shi daga Ingila ya kai shi jihar New Jersey. Wasu masu sauraro sun firgita, jaridu kuma suka zuzuta firgicin fiye da yadda ya kasance. Amma ya kafa al'ada: kowa ya ɗauki labarin sai ya kai shi ƙofar gidansa, ya zuba masa tsoron zamaninsa.

Haka George Pal da darakta Byron Haskin suka yi a 1953. Sun kai labarin California, a lokacin da Amurka ke kwana da fargabar Tarayyar Sobiyat, wadda ta gwada nata bam ɗin nukiliya a 1949. Mai ba da labari marar suna na littafin ya zama Dakta Clayton Forrester, masanin kimiyya da janar-janar ke saurara, Gene Barry ya fito a matsayinsa, Ann Robinson kuma ta fito a Sylvia. Ƙafa ukun ta ɓace. Injunan suka zama wasu faifai masu sheƙi da ke shawagi, kowane da dogon wuya kamar kumurci ya fasa kai. An ba su wata garkuwa da ba a gani, har aka jefa musu bam ɗin nukiliya suka fito daga ƙurar ko ƙwarzane babu. Launi da ƙarar fim ɗin sun girgiza masu kallo, ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto, kuma har yau yana da kwarjini.

Farar tutar tana nan: mutum uku sun ɗaga ta, sun zama toka. Akwai kuma wurin da talakawan da tsoro ya haukata suka far wa motocin masana suka farfasa kayan binciken da ake sa ran za su kawo mafita. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, fim ɗin bai ɓoye ta ba. Inda ya rabu da Wells shi ne wajen addini da wajen laifi. Limamin cocin da ke littafin mutum ne da tsoro ya karya. Na fim ɗin jarumi ne da ya tunkari injunan riƙe da littafinsa har aka ƙone shi. An rufe fim ɗin a cikin coci, jama'a na addu'a, sai injunan suka fara faɗuwa.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mun tashi da labarin Namarudu da sauro, da na rundunar giwa da 'yan tsuntsaye. Mun san Allah kan karya mai girman kai da mafi ƙanƙantar halittarsa. Abin da ya ɓata min rai shi ne an share Tasmaniya ƙaf. A wannan fim Amurka baiwar Allah ce da aka zalunta ba gaira ba dalili, mugunta kuwa daga waje take zuwa. Madubin da Wells ya kafa wa mai ƙarfi, an juya fuskarsa bango.

2005: ƙura a fuska

Steven Spielberg ya yi nasa shekara huɗu bayan harin 11 ga Satumban 2001, shekara biyu da shigar Amurka Iraƙi. Ya kori masana da janar-janar daga gaban kyamara. Tom Cruise ya fito a Ray Ferrier, lebura mai tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, wanda aurensa ya mutu, 'ya'yansa biyu ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Bai san abin da ke faruwa ba, ba wanda ya yi masa bayani, gudu kawai yake da yara. Ta wannan fuska Spielberg ya fi kowa kusa da Wells, domin shi ma mai ba da labarin littafin ɗan kallo ne da ke neman tsira da ransa.

Ƙafa ukun ta dawo, da wata ƙara kamar ta ƙaho mai sa hanjin mutum kaɗawa. An sauya abu guda: injunan a binne suke a ƙarƙashin ƙasa tun da daɗewa, tsawa ce ta sauko da matuƙansu. Ray ya koma gida fari fat da ƙura, sai a gaban madubi ya gane tokar mutane ce a jikinsa. Tufafi na faɗowa daga sama ba masu su. An manna hotunan ɓatattu a bango. 'Yarsa Rachel, wadda Dakota Fanning ta fito a matsayinta, tana tambaya ko 'yan ta'adda ne. Duk Ba'amurken da ya ga faɗuwar tagwayen benayen New York ya san inda aka ɗauko waɗannan hotuna. Fim ɗin ya tara sama da dalar Amurka miliyan 600.

Wanda ya san gudun hijira zai gaskata wannan fim. Yadda taro ya yi wa motar Ray ca aka ƙwace ta da bindiga, yadda ake turereniya a bakin jirgin fito, jirgin ƙasa da ya wuce yana ci da wuta kowa ya yi tsit, gawawwaki da kogi ya kwaso a gaban yarinya ƙarama. A wani ɗakin ƙasa Ray ya rufe idon 'yarsa da ƙyalle, ya shiga ya kashe mutumin da ya ba su mafaka, don ihunsa zai tona musu asiri. A littafin ma mai ba da labari ya buge limamin da suke ɓoye tare saboda wannan dalili. Mamaya takan sa mutumin kirki ya aikata abin da zai bi shi har kabari, Spielberg bai kau da kai daga wannan ba.

Akwai kuma wani ɗan abu da yawancin masu kallo ba su lura da shi. A farkon fim ɗin, aikin makarantar da aka ba Robbie, ɗan Ray, a kan mamayar Faransa a Aljeriya ne. Can gaba mutumin ɗakin ƙasan, wanda Tim Robbins ya fito a matsayinsa, yana ta nanata cewa tarihi ya nuna mamaya ba ta ɗorewa. Ke nan masu fim ɗin sun san da maganar Wells, sun raɗa ta a kunne suka wuce. Ga wanda kakanninsa suka ga tutar Faransa a bakin ganuwa, raɗa ta yi kaɗan. Ƙarshen ma ya yi laushi: an isa Boston, unguwar surukai ko tagar gilashi ba ta fashe ba, yaron da aka fid da rai da shi ya fito da ƙafarsa. Tsofaffin da suka buɗe ƙofa Gene Barry da Ann Robinson ne, taurarin 1953. Karamci ne mai kyau ga magabata. Sai dai waɗanda suka koma Ƙonni bayan wucewar Voulet ba haka suka tarar da gida ba.

2019 da bayanta

BBC ce ta mayar da labarin gidansa. A shirinta mai kashi uku na 2019 an koma Woking a farkon ƙarni na 20, da Rafe Spall da Eleanor Tomlinson da Robert Carlyle. An ƙirƙiro mace, Amy, aka ɗora mata nauyin labarin, abin da Wells bai yi ba, domin matar mai ba da labarin littafinsa ko suna ba ta da shi. An nuna ɗan siyasa yana cika baki da girman daular Ingila jim kaɗan kafin injunan su iso. An kuma sa George, wanda Spall ya fito a matsayinsa, ya faɗa wa ɗan'uwansa, ma'aikacin gwamnati, cewa abin da ake yi musu shi ne abin da suka daɗe suna yi wa wasu. Shirin ya tsaya kan shekarun bayan yaƙi, ƙasa ta yi ja, shuka ba ta fita, yunwa ta zauna. Wannan tunani ne mai kyau, domin ɓarnar mamaya ba ta ƙarewa ranar da aka daina harbi. Rauninsa shi ne tafiyar hawainiya, kuma maganar mulkin mallakar ta tsaya a baki. An faɗe ta, ba a nuna fuskar ko mutum ɗaya daga waɗanda ake magana a kansu ba.

A shekarar dai Canal+ da Fox suka fito da nasu mai dogon zango, da Gabriel Byrne, a Faransa da Ingila na yau. Sunan littafin kawai ya rage, labarin ya kama wata hanya. A 2025 kuma Amazon ta saki wanda Ice Cube ya fito a ciki, inda komai ke faruwa a fuskar kwamfutar wani jami'in tsaro, baƙin kuma bayanan intanet suka zo ci. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, musamman don tallan kamfanin da ya cika shi. Amma ko shi ya bi al'adar: tsoron zamaninmu shi ne wa ke riƙe da sirrinmu, sai aka ba baƙin wannan yunwar.

Abubuwa biyu da aka bari a ƙasa

Na farko yana bakin wani sojan igwa da mai ba da labari ya haɗu da shi a kangon Landan. Sojan ya yi hasashen yadda zaman zai kasance in baƙin suka kafu: za su riƙa kiwon mutane a keji, wasu su saba har su yi ƙiba, wasu kuma a horar da su farautar 'yan'uwansu. Manyan finafinan 1953 da 2005 ba su taɓa wannan ba, sun fi son a ga 'yan Adam gefe guda, dodanni gefe guda. Mu kuwa mun san da ɗan gari akan ci gari. Turawan da ba su kai goma ba, ba za su iya ƙone Ƙonni su kaɗai ba. Hannuwan da suka ɗana kunamar bindiga na Afirka ne, waɗanda aka ɗebo daga ƙasashen yamma, wasu da alkawarin ganima, wasu da bulala. Kuma waɗannan hannuwan ne suka kawo ƙarshen Voulet. Duk mai son ya ba da labarin mamaya da gaske, dole ya shiga zuciyar wannan sojan, ranar da ya bi umarni da ranar da ya ƙi.

Na biyu shi ne ƙwayoyin cuta. Finafinan 1953 da 2005 duk sun riƙe wannan ƙarshe kamar ta'aziyya: ƙasa na kare 'ya'yanta. Wells ya yi karatun ilimin halittu a hannun T. H. Huxley, ya san abin da yake faɗa, kuma Afirka ta Yamma ta taɓa zama shaidarsa. Shekaru aru-aru zazzaɓin cizon sauro da shawara suka tsare Turawa a bakin teku. Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827, ciwo ne ya kashe shi. Ayarin Ingila da ya hau Kwara a 1841 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawansa. Amma a 1854 likita William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin Pleiad, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya fito ba wanda ya mutu. Daga ranar garkuwar ta tsage. A Tasmaniya da nahiyar Amurka ma abin ya juye ne, cutar ta bi baƙi ta kashe masu gida. A Ƙonni ba sauron da ya zo ceto. Voulet ya mutu, mamayar ta zauna, Sakkwato ta faɗi hannun Ingila a Maris na 1903, tutar Faransa ba ta sauka a Nijar ba sai 3 ga Agustan 1960. Baƙin Wells makonni suka yi. Namu sun shekara sittin, sun bar mana iyaka tsakanin Ƙonni da Illela, tafiyar da ba ta kai a gaji ba a kan babur.

Namu littafin, namu fim

Mu ma muna da littafin mamaya da aka mayar fim. Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya wallafa Sarraounia a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986. An so ɗaukarsa a Nijar abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa, Aï Keïta ta fito a Sarauniya. A 1987 ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu.

Shi ma Hondo ya yi abin da masu juya littafi ke yi. Ya ƙara wa Sarauniya girma fiye da abin da takardun tarihi suka rubuta, ya sa ta zama tutar haɗin kan Afirka, musulmi da azna a inuwa ɗaya. Amma ya yi abin da finafinan Yaƙin Duniyoyi suka kasa. Ya nuna sarakunan da suka yi jayayya kan ko a yi yaƙi ko a miƙa wuya. Ya nuna tafinta da sojan baƙar fata, da yadda tsoro da gajiya suka ci su har suka juya wa iyayen gidansu. Baƙin nasa kuma ba dodanni ba ne masu jela, mutane ne masu suna da uwa da uba, wannan ya sa abin ya fi ban tsoro. A 2020 kuma Rob Lemkin ya fito da African Apocalypse, inda matashi Femi Nylander ya bi sawun rundunar a kan babbar hanyar da muke hawa kullum, ya zauna da jikokin waɗanda abin ya shafa, har da na Ƙonni, suka faɗi abin da kakanni suka bar musu.

In aka ce in jera su, ga yadda na gani. Na 1953 ya fi kyan kallo, ya fi nisa da manufar littafin. Na 2005 ya fi kowa sanin yadda gudu yake, da abin da yake mayar da mutum. Na BBC ya fi kowa faɗin gaskiyar da Wells ya faɗa, ko da yake bai iya sa ta tafiya da ƙafarta ba. Wanda ya fi kusa da babin farko na littafin kuwa, ko sunan Wells babu a jikinsa: fim ɗin Hondo ne, domin shi ya tsaya a inda mutanen Tasmaniya suka tsaya ya kalli masu zuwa.

Saura na Ƙonni. Lugu ta samu marubuci da darakta, Ƙonni har yanzu tana jira. Masu shirya fim da Hausa, daga Kano zuwa Maraɗi da Yamai, suna da 'yan wasa, suna da kyamara, suna da masu kallon da ba sa gajiya. Labarin na nan a bakin tsofaffi a Ƙonni da Masallata da ƙauyukan Alela, kuma tsofaffi ba sa jira. Ba ya bukatar injin mai ƙafa uku. Yana bukatar ganuwa, da safiyar wata ranar bazara, da wata uwa a bakin rijiya da ta ɗaga kai ta hangi ƙura ta taso daga yamma, ta ajiye guga ta fara ƙirga 'ya'yanta. Ranar da aka ɗauki wannan, kawunan da ke duƙe kan salula a fada za su ga kakarsu, su kira ta da sunanta.